Zauren Gwaggo: difilom na cikin akwati, aiki shiru

Salamu alaikum jama'ar zaure. Wannan karon saƙonni uku na ɗauko kuma duk a kan magana ɗaya suke, wato yaranmu da suka yi karatun sakatariya da aikin biro, me ake ciki bayan an gama. Masu tambayar aure da kishiya ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba, wannan fagena ne tun da shekara talatin da wani abu na yi a bayan teburin sakatariya kafin in aje aiki.

Saƙo na farko, daga wata ɗiyarmu a Birni:

Gwaggo ina wuni, ya gida ya zafi. Shekarata 25, na yi BTS, wato difilom na gaba da BAC, na sakatariya a wata lakwal mai zaman kanta nan Damagaram, yau shekara uku kenan da gamawa. Wlh Gwaggo na gaji, dosiye kam ban san iyakar wanda na aje ba, kullum sai sabon kaziye, takardar shaidar rashin laifi ta kotu, tun da wata uku yake mutuwa, ga tambur ga legalize ga kuɗin kabu-kabu, duk daga aljihun babana wanda shi ma ritaya ya yi. Na yi sitaji sau biyu, na farko wata uku na biyu wata shida ko dala ba a ba ni ba, kuma in gaskiya zan faɗa miki yawancin abin da na yi fotokofi ne da aike. Cikin ƴan ajinmu waɗanda na san suna aikin biro ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, wasu sun yi aure wasu na koyarwa wata tana saida atamfa a WhatsApp. Duk inda na je sai a ce ana son wadda ta yi shekara biyu tana aiki, to in ba a ɗauke ka ba a ina za ka yi shekara biyun? Karatun ne ba shi da amfani ko ni ce ba ni da sa'a, ko kuwa sai da dogon hannu?

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi miki albarka ya saka wa babanki. Bari in fara da ta ƙarshe don kar ki ce Gwaggo na kwana-kwana. Eh akwai dogon hannu. Mu a Nijar har laƙabi muka yi masa, PAC, dangi da abokai da sanayya, kuma na ga guraben da aka buga sanarwarsu alhali mai gurbin tuni ta san teburinta. Wanda ya ce miki babu wannan bai zauna a biro ba. Amma ba shi kaɗai ne ya zaunar da ke a gida ba, kuma shi ne wanda ba ki da iko a kansa, don haka mu bar shi nan.

Abin da ba a gaya muku lokacin da kuke biyan kuɗin lakwal shi ne aikin da aka koya muku sunansa ya ragu ƙwarai. Lokacin da na fara, mashin ɗin buga takarda muke da shi, da karbon a tsakani don a samu kofi uku, in ka yi kuskure a layin ƙarshe sai ka zare takarda ka sake daga farko, in kuma sanarwa ce mai yawa sai a buga a sitansil a juya. Darakta komai girmansa wasiƙarsa ba ta fita sai ta bi ta hannunmu, shi ya sa ma'aikata ɗaya za ki tarar da mata huɗu biyar ba abin da suke yi sai bugu. Yanzu fa? Darakta na da kwamfutarsa, kiran taro ma a gurup ɗin WhatsApp yake jefa shi da kansa. Inda ake da biyar yanzu ɗaya ce, kuma ita ɗin ana so ta riƙe kuriye, wato wasiƙun da ke shiga da fita, ta riƙe ƙaramin kes, ta san abin da ya rage a magaza, ta tarbi baƙi. Lakwal-lakwal kuwa ba su rage yaye ɗalibai ba, kowace shekara sai an fito da sabbi. In kiɗa ya canza rawa ma dole ta canza.

Ga kuma ƙofofin da kowa ke kallo duk sun tsuke. Aikin gwamnati sai ta konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, kuma ba kullum ake buɗewa ba, in an buɗe ma ƙasa gaba ɗaya ce ke rububin ƴan gurabe. Su furoje da ONG da a da suke kwashe yara da albashi mai kyau, tun bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 masu ba da kuɗi da yawa suka ja baya, sai kuma Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta a farkon 2025, to wanda ke sallamar tsofaffin ma'aikatansa ba zai ɗauki sabuwar sakatariya ba. SORAZ kuwa tun da aka buɗe ta a 2011 kowane yaro a Damagaram can yake mafarki, amma matatar mai ce, ganga 20,000 aka gina ta ta tace a rana, abin da ta fi buƙata masu aikin injina ne, teburan biro nawa ne a ciki?

To yanzu sai maganar da ba za ta yi miki daɗi ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yara da yawa masu difilom hannunsu bai iya aikin ba. Ban ce ke ba, ban san ki ba, amma ki auna kanki da wannan labari. Kafin in aje aiki an turo mini wata yarinya sitaji, mai hankali mai ladabi, makinta masu kyau. Ran farko na miƙa mata wasiƙar hannu ta daraktanmu na ce ta buga. Layi goma sha biyu ne. Na tafi na yi sallar azahar na dawo tana nan da yatsa biyu, duk inda A take sai ta buga Q, ashe a gida kwamfutar yayanta ta Kano ce mai jerin haruffan Ingilishi, tamu kuwa ta Faransanci ce, A da Q sun yi musanya, Z da W haka, M tana can gefen L, lamba ma sai ka danne wani maɓalli take fitowa. Kan wasiƙar kuma don ta kai shi tsakiya sai ta yi ta danna sarari har ya je, da na ƙara kalma ɗaya komai ya watse. Da ta gama na ce ina kika aje ta, ta ce a ciki. A ciki ina? Shiru. Washegari wasiƙa ta shigo daga wata ma'aikata na ce ta shigar a rajistan kuriye, ta karanta mini ma'anar kuriye mai shigowa da mai fita tsaf kamar hadda, amma ba ta taɓa riƙe rajistan a hannu ba, ba ta san cewa ranar shigowa daban take da ranar da aka rubuta wasiƙar ba, ba ta san ana buga tampo a sa lamba kafin ta shiga parafer ba, wato fayil ɗin da ake kai wa darakta takardu a ciki. Laifinta ne? A'a. A allo aka koya mata kwamfuta, su da yawa a kan inji ɗaya, in an ɗauke kuran kuma darasi ya koma dikte. Cikin wata biyu yarinyar nan ta fi ni sauri, don dama kanta na ja, abin da ta rasa kawai wanda zai zaunar da ita.

Shi mai ɗaukar aiki da yake ce miki shekara biyu, ba kalanda yake ƙirgawa ba, tsoro yake ji kar ya ɗauki wadda sai ya koya mata. In kin iya nuna masa cikin minti goma cewa ba sai an koya miki ba, da yawa daga cikinsu za su manta da shekara biyun, musamman ƴan kasuwa da ƙananan ma'aikatu.

Don haka ki gwada kanki yau ɗin nan. Kina iya bugu da yatsu goma ba ki kallon hannu? In a'a, minti talatin kullum na wata biyu ya isa, akwai manhajojin koyo kyauta. Excel fa, ba zana tebur nake nufi ba, ki iya sa shi ya tara, ya fitar da matsakaici, ya tace sunaye, ya nemo miki farashin kaya daga wani shafi. Ki iya fibilifostaj, wato a ba ki sunaye 200 ki fitar da takardar gayyata 200 kowa da sunansa ba tare da kin buga ɗaya bayan ɗaya ba, wannan kaɗai na ga ya sa an riƙe yarinya bayan sitaji. Ki iya zama a taro ki fito da rahoto shafi ɗaya wanda wanda bai zo ba zai gane me aka yanke da wa aka ɗora wa me. Sai Faransancin wasiƙa, nan ne yara ke faɗuwa, kuskure uku a domand ɗinki an riga an jefa dosiyenki gefe, tun da aikin da kike nema kenan. Ki samu wani tsohon mushe, wato malamin lakwal, a unguwa ya riƙa duba miki, za su yi da murna wlh, su ma kaɗaici ya dame su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abu kuma da nake ganin yaranmu na raina shi. Tun Maris 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kansa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ke da aka haifa a Birni kina jin Hausa kamar ruwa, amma kina iya rubuta ta daidai da ƙ da ɗ da ɓ? Kina iya ɗaukar sanarwa ta Faransanci ki mai da ita Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane in an karanta a rediyo? Masu iya wannan ba su da yawa. Ingilishi kuma ko na fatur da gaisuwa ne ki koya, Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma rabin takardun ƴan kasuwar Dole daga can suke zuwa.

Sannan ki daina neman inda aka rubuta sakatariya a ƙofa. Aikin yana nan amma ya sake suna. Lakwal masu zaman kansu na neman mai riƙe rajistan ɗalibai da kuɗin wata da buletin, kilinik da famasi na neman mai tarba da lissafi, ga gishen kamfanonin bas, ga wuraren aika kuɗi da suka cika gari, ga masu kai alhazai, ga notar da lauyoyi, ga masu fiton kaya. Birnin nan gunduma biyar gare shi kowace da ofishin takardun haihuwa da aure. Yawancin waɗannan ba sa buga sanarwa, sai dai a ce wa ya san yarinya mai amana da ta iya kwamfuta, shi ya sa nake cewa sanayya ba duka ce haramun ba, a san ki da iya aiki ma sanayya ce.

Batun kuɗin dosiye, ki tausaya wa babanki. Kaziye da takardar likita ba a yin su sai an buga sanarwa an nema, aje dosiye haka kawai CV da wasiƙa sun isa. Ki je ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ki yi katin mai neman aiki ki riƙa sabunta shi ki kuma riƙa leƙa allonsu, sanarwa da yawa katin na cikin sharaɗi. Ki bincika batun sarbis sibik, wato hidimar ƙasa, in an buɗe, shekara biyu ne da ɗan alawus, ba alkawarin ɗauka ba ne kuma ana iya tura ki aji ki koyar, amma ga shekara biyun nan da ake tambayarki a rubuce. In kuma kin sake samun sitaji kar ki yarda ki ƙare a gindin fotokofi, ki lallaɓi babbar sakatariyar, ki riga ta zuwa, ki ce Anti ki bar ni in riƙe rajista yau. Mu tsofaffi muna da kishin teburinmu, na sani don ni ma na yi, amma ladabi na karya mu. Ranar tafiya kuma ki roƙa a rubuta ayyukan da kika yi ɗaya-ɗaya a atestasiyon, ba wai ta yi sitaji a wurinmu kawai ba.

Saƙo na biyu, daga wani matashi a Garin Malam:

Gwaggo barka da aiki. Ni namiji ne na samu BAC bana, ina so in yi sashen mataimakin darakta amma abokaina a fada sai dariya suke mini wai aikin mata ne, har suna kirana madam. In ci gaba ko in sake?

Ɗana, su waɗannan masu dariyar me suke yi ban da jiran shayi na uku? Tun kafin Nasara malaman fada maza ne ke rubuta wa Sarkin Damagaram wasiƙu, kuma lokacin da Zinder, wato Damagaram ɗin nan, ke babban birnin ƙasa kafin a mai da shi Yamai a 1926 akawunan biro maza ne. Wannan ba matsala ba ce. Abin da zan ce ka duba kafin ka biya ko dala, ka shiga ɗakin kwamfutar makarantar da idonka ka ƙirga injinan da ke kunnuwa, ka tambaya ko suna da sola ko gurup in an ɗauke wuta, ka tambaya su ke nemo wa ɗalibi wurin sitaji ko sakinsa suke, kuma difilom ɗin gwamnati ta san da shi. Ka nemi waɗanda suka gama shekara biyu baya ka ji inda suke. Ka leƙa IUT, cibiyar koyon fasaha ta Jami'ar André Salifou, ma ka gwada ta da lakwal na kuɗin. In ka shiga, ka haɗa da kwantabilite ko sha'anin kaya da sufuri, biro zalla ya yi kaɗan a wannan zamani.

Saƙo na uku, daga wata ɗiyarmu a Sabon Gari:

Gwaggo ni Alhamdulillahi na samu, wurin wani Alhaji ɗan kasuwa, yau wata tara. Ni ce fatur ni ce lissafin kaya ni ce waya, daga ƙarfe takwas har bayan magariba har da Asabar, jika 25 yake ba ni a wata kuma ba mu rubuta komai ba. In na yi maganar ƙari sai ya ce ai ke ɗiyata ce, wasu ma nema suke. Mamata ta ce in yi haƙuri da babu gara ba daɗi. Ya zan yi?

Ɗiyata, mamarki na da gaskiya ke ma kina da gaskiya. A doka dai mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun Janairu 2024, kafin nan 30,047 ne na sefa, kin ga ko tsohon ma ba ki kai ba. Dokar aiki ta 2012 awa 40 ta sani a mako, abin da ya haura ƙari ne da ake biya, kuma wajibi ne mai gida ya yi miki rajista a CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wadda ita ce ritayarki gobe da kariyarki in kin ji ciwo a bakin aiki. Rashin takarda bai soke haƙƙinki ba, akwai ofishin sufeton aiki nan garin kuma don irin wannan aka kafa shi.

Amma ni da ke mun san Damagaram. Ranar da takardar sammaci ta je shagon Alhaji, ranar aikin ya ƙare, kuma kafin la'asar an kira babanki ana cewa ɗiyarku ta kai ƙarar ubanta. Don haka wannan ki aje ta a matsayin ta ƙarshe. Yawancin alhazan nan ba mugunta ba ce, a wurinsu kamar yaron shago kike, ba su taɓa lissafa abin da kike tsare musu ba. To ki lissafa masa. Ki fitar da shafi ɗaya, ga bashin da ke kan mutane da sunayensu da kwanan wata, ga wanda aka karɓo tun zuwanki saboda kin riƙa tunawa, ga kayan da littafi ya ce akwai amma magaza ta ce babu. Ɗan kasuwa ba ya jin yaren difilom amma yana jin wannan. Ki zaɓi ranar da ciniki ya yi kyau, ba gaban yaransa ba, ki ce Baba Alhaji ga abin da na tattara, sannan ki faɗi adadin da kike so da bakinki, kar ki ce a duba ni, in kin ce a duba ki jika biyu zai ƙara ya ce Allah ya yi albarka. In akwai wani babba da yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko aminin babanki, a bi ta nan.

Ko ya ƙara ko bai ƙara ba, akwai abu biyu da ba za ki bari ba. Na ɗaya ki sa ya sa miki hannu a takardar shaidar aiki mai kwanan watan da kika fara, ke za ki buga ta da kanki tun da ke ce sakatariyar, ki kai masa cikin sauran takardu ki yi masa bayani, da wuya ya ƙi. Na biyu duk kuɗin da ya shiga hannunki ko ya fita a rubuta a sa hannu, ko ɗansa na cikinsa ne ya zo ya ce Baba ya ce a ba ni jika 50, ki ce to sa hannu nan, in ya ƙi ki kira Alhaji a gabansa. Na ga yarinyar da aka kora da sunan sata a kan kuɗin da ɗan mai gida ya ɗauka, ba ta da ko layi ɗaya da za ta nuna. Tashi bayan magariba kuma ki nemi a gyara ko a riƙa biya miki adaidaita, ɗiya mace ce ke.

Ki kuma ci gaba da neman wani a hankali ba tare da kin yi shela ba, wata tara ɗin nan in kin cika su shekara biyu da takarda a hannu kin wuce ƴar'uwarki ta Birni da ta rubuto a sama. In kuma kina da ɗan abin da kika tara ko adashi, ku biyu ko uku kuna iya haɗa kwamfuta da firinta da ƙaramar sola ku kama shago kusa da jami'a ko kotu, lokacin da ɗalibai ke buga memuwar ɗinsu masu wannan sana'a ko barci ba sa samu. Sai dai ki fara tambayar kuɗin tawada da haya tukun, don su ke cinye ribar.

Ke ta Birni, ki buga domand ɗinki yadda kika saba ki turo mini ta adireshin mujalla, zan bi ta da jan bik in mayar miki.